Kina Nan?

Duk bayan minti guda sai ta tambaye ni.
Ba da baki ba: wata siririyar ƙara ce kamar kukan sauro,
da 'yar fitila mai ƙyafta ido a allon gabana.
Kina nan, Majvor?
Sai in danna mataki da tafin ƙafa.
Ina nan.

Daga Kiruna muke tasowa, tarago sittin da takwas,
kowanne cikinsa fal da tama,
mu nufi Narvik, bakin teku.
Disamba ce. Rana ta yi yaji tun makonni uku,
ba ta ce ga ranar dawowa ba.

Shekara ashirin da shida ina jan wannan kaya.
Ran da aka ɗaura ta a jirgina na ji haushi,
na ce, yau kuma kada za a koya wa iyo?
Na san inda dogo ke lanƙwasa a Abisko,
na san gangaren da ke yaudarar birki,
na san kukan ƙarfe in sanyi ya cije shi.
Ita me ta sani? Lissafi.

Bara waccan, gab da tafkin Torneträsk,
allonta kore shar, wai hanya a buɗe take.
Ni kuwa na hango tururi a hasken fitila,
na gane numfashi ne.
Garken Aslak Utsi, bareyin ƙanƙara
masu ƙaho kamar busasshen reshe,
sun hau dogo don gudun zurfin dusa.
Na ja birki kafin ido ya gama gaya wa zuciya,
na busa, na busa.
Uku na taka. Ɗari biyu sun tsira.
Ita ko alama ba ta gani ba.
Na ce mata, makauniya!
Ta ce, kina nan?

Sai daren Talatar nan.
Da yamma likita ya kira daga Gällivare,
ya ce mahaifinki bai gane kowa ba yau.
Na ce zan zo jibi. Na hau jirgi.
Ƙafata na ta amsawa ita kaɗai,
yadda hannu ke kai loma baki ba shawara.
Idona biyu, amma ina can ɗakin girkin Baba,
ina 'yar shekara bakwai,
yana cire mini ƙaya daga kifi.
Rawayar fitila ta wuce. Ban gan ta ba.

Ta yi ihu. Na ji daga nesa, kamar a gidan maƙwabta.
Sai ta fizge linzami daga hannuna.
Iska ta fashe a bututu, ƙarfe ya cafki ƙarfe,
kofin gahawa ya tashi ya daki gilashi,
taragu na tunkuɗar juna har ƙashin bayana.
Muka tsaya.

Taku arba'in a gaba, ja.
Bayan jan, jirgin fasinja na karkatawa layin gefe,
taga bayan taga, duk haske.
Wani yaro ya manna goshi a gilashi
yana ɓare lemo.

Rediyo ta yi tari. Torvald ne daga Boden.
Majvor, me ya faru?
Ƙarya ta zo har leɓe:
in ce santsi, in ce na'urar ce ta firgita.
Amma ta rubuta komai, daƙiƙa bayan daƙiƙa,
ba ta iya rufin asiri ba,
kuma ko ta iya, ni na ga yaron.
Na ce, ni ce.

Ban manta da bareyin Aslak ba.
Ita ma ba ta nemi godiya ba.
Ja ya koma kore, na saki birki,
tamar ta motsa da ƙyar kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa.
Minti guda. Ƙarar sauro.
Kina nan?

Na ɗan jima ban danna ba.
Sai da na duba tukuna.